Sha Biyu da Ɗigo Huɗu

Warwick ne ya haɗa wayoyin nan da hannunsa.
Shekara talatin da ɗaya yana gyaran lantarkin jiragen ƙasa a Kalgoorlie,
'yar tirela mai taku goma sha biyu ba za ta gagare shi ba.
Ja ga ja, baƙi ga baƙi,
fiyus dab da batir,
waya mai kaurin babban yatsana.
Ya kwantar da inbata ƙarƙashin benci, inda iska ke ratsawa,
ya ce, "Glenys, wannan ɗan akwati tafinta ne.
Batir da harshensa, kayan gida da nasu,
shi ke tsakani, kuma ba don Allah yake yi ba,
cikin kowane goma sai ya ci ɗaya."

Yanzu hannun nasa rawa yake.
Littafin lissafi ya dawo wurina.

Mun yada zango kusa da Eucla,
inda ƙasa ta miƙe sambal, ba inuwar da za ka raɓa.
Kwana biyu gajimare na zaune kan faifan sola
kamar baƙon da ya manta hanyar gida.
Allo ya nuna sha biyu da ɗigo huɗu.
Na rubuta, na ja layi.

Firji yana sha a hankali, dare da rana, ba ya ƙoshi.
Fitila kurɓi ɗaya ce.
Butar lantarki kuwa wat dubu biyu take nema,
inbatarmu ɗari shida ne ƙarfinta.
Na gwada sau ɗaya a Ceduna,
ta ƙwalla ƙara, ta ɗauke wuta,
ta bar mu da ganyen shayi yana iyo cikin ruwan sanyi.
Warwick ya yi dariya har da tari.
Tun ranar a kan gas nake tafasa ruwa.

Sai na'urarsa ta numfashi.
Ita ba a ciniki da ita.
Awa takwas take so tana tura iska ta tiyo zuwa hancinsa,
in ta tsaya, maƙogwaro ya rufe,
ya zabura yana laluben iska kamar mai nutsewa.

Ƙarfe uku da kwata inbata ta yi tsuwa.
Sha ɗaya da ɗigo takwas.
Na sauko ba takalmi, sanyin daɓe ya hau ƙafata.
Na kashe firji.
Madara da naman rago na zuba a bokiti,
na kai waje, daren ya fi firjin sanyi,
na danne murfin da dutse.
Na zare wayata daga caji.
Na kashe abin ɗumama iskar na'urarsa,
gobe zai yi ƙorafin bushewar baki,
ya yi, in dai da bakin yin.

Lamba ta motsa. Sha ɗaya da ɗigo tara.
Na zauna a ƙasa, bargo a kafaɗa, ina gadinta.
Can kan titi doguwar mota mai jan tirela uku ta wuce,
kofuna suka yi rawa a kan ƙusa.
Shi kuwa shaƙa, fitar, shaƙa, fitar.
Shekara arba'in da huɗu ina jin wannan sautin,
ban taɓa sanin farashinsa ba sai daren nan.

Da hantsi rana ta ɓullo ta wata 'yar kafa.
Sha biyu da ɗigo ɗaya. Ɗigo biyar. Sha uku.
Bokiti na kife, sawun dingo kewaye da shi,
nama ya tafi, madara ta jiƙa yashi.

Ya ce, "Yaya batir ya kwana?"
Na ce lafiya lau.
Ya buɗe littafin, ya ga rubutun ƙarfe uku da kwata,
ya daɗe yana dubawa.
Ya ɗaga benci, ya ɗora tafinsa kan inbata,
da sauran ɗuminta.
"A Norseman za mu ƙara batir," in ji shi,
"yau dai mu sha shayi baƙi."